Tsaron Dukiyar Baitulmali a Ƙasar Kano: Misali daga Gundumar Gezawa

1. Gabatarwa

Masana aikin binciken kuɗi na wannan zamani sun kasa dabarun tsaron dukiya kashi biyu. Kashi na farko shi ne na rigakafi, watau shingen da a ke gittawa don kada a sami hanyar cin amana tun da fari. Kashi na biyu shi ne na tono, watau dabarun da a ke gano ɓarna da su bayan ta auku. Galibin malamanmu da ke koyar da wannan fanni a kwalejojin horon malamai su kan ɗauko misalansu daga kamfanonin Ingila da Amurka, har ɗalibi ya zaci abin baƙo ne a ƙasarmu. Nufin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa ƙasar Kano ta yi shekaru fiye da saba'in, daga 1903 zuwa 1979, tana gwada waɗannan dabaru a kan kuɗin haraji, kuma akwai abin koyo cikin nasarar da aka ci da wadda aka kasa ci.

An zaɓi Gezawa ne saboda yanayin ƙasarta. Tana arewa maso gabas da birnin Kano, maƙwabciyar Minjibir da Gabasawa, cikin yankin nan na kewayen birni wanda Mortimore da Wilson suka yi nazarinsa cikin 1965 saboda tsananin cikarsa da jama'a. A nan gona na manne da gona, ba a barin saura, a kan noma ƙasa kowace shekara da taimakon takin da jakuna ke ɗaukowa. Inda mutane suka yi yawa haka, kuma kowane taƙi na ƙasa ke da mai shi, nan ne haraji ya fi tsoka, nan ne kuma gardama a kansa ta fi zafi.

2. Abin da kalmomi ke nunawa

Kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a wannan fage hawa uku ne, kowane hawa da zamaninsa. Na ƙasa duka Hausa ce tsantsa. Ma'aji daga aikatau aje ya fito, da ɗafa-goshi ma- na mai aikatawa, kamar yadda maɗinki ya fito daga ɗinka. Ma'anarsa mai ajiya ke nan, kuma babu abin da ke cikin kalmar da ya nuna lissafi ko rubutu. Hawa na biyu na Larabci ne: amana, zakka, haraji, hisabi, baitulmali, rashawa. Waɗannan sun shigo da Musulunci, sun zo da ra'ayin cewa dukiyar jama'a dabam ta ke da dukiyar sarki, kuma akwai ranar da za a tambayi mai riƙonta. Hawa na uku na Turanci ne: rasit, boca, odita, fam da sule. Abin lura shi ne kusan dukan kalmomin hawa na uku sunayen takardu ne ko na masu riƙon takardu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda Turawa suka ɗora dogaronsu.

A gefe guda kuma akwai kalmar gaisuwa, wadda ta ke ɗauke da ma'ana biyu. Gaisuwa ladabi ce, gaisuwa kuma abin da na ƙasa ke miƙa wa na sama ne don neman biyan bukata. Tsakanin ma'anonin nan biyu ne yawancin wahalar da za a bayyana a ƙasa ta ke kwance.

3. Zamanin jakadu

Tunanin sa ido a kan masu tara dukiyar jama'a ya daɗe a Kano. Shehu Magili, wanda ya sauka Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ya rubuta wa sarkin littafi kan wajiban sarakuna, inda ya yi wasiyya da a naɗa amintattu masu karɓa da kashewa, da marubuta da masu lissafi, a kuma riƙa bin diddigin halin ma'aikata da dukiyarsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano wajajen 1806, ya sake jaddada wannan. Shehu Usmanu kuwa, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da kuɗin gari da gaisuwa cikin abubuwan da ya zargi sarakunan Haɓe da su. Dukansu sun dogara ne ga asali sananne, watau hadisin ma'aikacin zakkan nan da ya komo ya ware wani kashi ya ce kyauta aka yi masa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata masa a bainar jama'a. Da kuma al'adar Sayyidina Umar ta ƙididdige dukiyar gwamnoninsa.

To, amma ka'ida dabam, aiki dabam. A ƙarni na 19 hakimai a birni su ke zaune, garuruwansu kuwa a warwatse, wannan a gabas wancan a kudu. Mai haɗa hakimi da garinsa shi ne jakada. Shi ke kai saƙon abin da aka yanka, shi ke tsayawa a kan dagaci har a tara, shi ke rako kaya zuwa birni. Barth, wanda ya zo Kano cikin 1851, ya ba da labarin kuɗin ƙasa wuri 2,500 a kan kowane magidanci, da kuɗin karofi wuri 700 a kan kowace rijiyar rini. Ban da waɗannan akwai zakkar hatsi da jangali da kuɗin rafi.

Idan aka auna wannan tsari da ma'aunin mai binciken kuɗi, aibinsa a fili ya ke. Mutum ɗaya ne ya san abin da aka nema, ya san abin da aka tara, ya san abin da ya isa. Ba shi da albashi, ladansa daga cikin kayan ya ke fita, haka na dagaci, haka na hakimi. Saboda haka ba wanda zai iya nuna iyakar da rabo ya tsaya sata ta soma. Duk da haka tsarin ba ya rasa nasa birki. Manomin da aka matsa wa ya kan tashi ya koma ƙarƙashin wani, hakimin da garinsa ya watse kuwa ya yi hasara. Akwai kuma ƙofar kai kuka gaban sarki. Sai dai a ƙasa irin ta Gezawa, inda gona ke da tsada kuma an gāje ta kaka da kakanni, tashi ba abu ne mai sauƙi ba, don haka birkin farko ba shi da ƙarfi sosai.

4. Gunduma da Baitulmali

Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu 1903, suka naɗa Sarki Abbas. Dokar haraji ta Lugga ta 1906 ta nufi a tattara harajin nan iri iri a mai da su ɗaya, a raba tsakanin Gwamnati da sarakuna. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya harhaɗa garuruwa maƙwabtan juna ya mai da su gundumomi wajajen 1907 da 1908, aka umurci hakimai su fita birni su zauna cikin ƙasarsu. Manufar ita ce a kau da jakada, a sami mutum ɗaya sananne wanda za a kama idan kuɗin wuri kaza bai cika ba.

Mataki na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne kafa Baitulmali. Palmer ne ya fara gwada shi a Katsina, Temple ya kafa na Kano, aka tabbatar da tsarin ga Jihar Arewa cikin 1911 zamanin Gwamna Hesketh Bell. Daga nan rabon En'e, wanda da farko rabin haraji ne, ya daina shiga hannun sarki da hakimai a matsayin kaso. Sai ya shiga asusu ɗaya hannun Ma'aji, a biya kowa albashi, tun daga sarki har dagaci, saura a yi aikin jama'a bisa kiyasin shekara wanda Razdan ya duba. Wannan shi ne tushen dukan abin da ya biyo baya, domin sai an yanke wa mutum abin da ke nasa sa'an nan za a iya cewa ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Zuwan jirgin ƙasa Kano cikin 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa daga 1912 sun taimaka. Manomi ya sami sulalla a hannu, aka bar karɓar wuri da hatsi, waɗanda ƙirgarsu da canjinsu ke buɗe ƙofar ƙwange. Da aka shimfiɗa hanyar jirgi ta Nguru, wadda ta ratsa ta Jogana cikin ƙasar Gezawa, lokacin haraji da lokacin kakar gyaɗa suka zama tagwaye.

5. Awon taki

A gundumomin kewayen birni an bi wata hanya ta yanka haraji wadda a ke kira taki. Sunan daga aikatau taka ya ke, kada a rikita shi da takin zuba wa gona. Malamin taki ya kan taka tsawon gona da faɗinta, ya rubuta sunan mai ita da yawan takinta, a yanka kuɗi bisa girmanta. An fara wannan tun wajajen 1909, kuma makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa, wadda aka buɗe a shekarar nan, tana cikin wuraren da suka horar da malaman da En'e ta ɗauka aiki.

Hikimar taki ita ce a ɗauke ikon yankawa daga hannun dagaci a ɗora shi bisa abin da ido ke gani. Gona ba ta gudu, ba ta ɓuya, kuma wanda ya yi shakka yana iya komawa ya sake takawa. Amma abin da ya auku shi ne ikon ya tashi daga hannun dagaci ya koma ƙafar malami. Taku na iya faɗi, yana iya ƙanƙancewa. Wanda ya gai da malami sai gonarsa ta tsuke a takarda, wanda ya ƙi sai tasa ta buɗe. Wata gonar ma ba ta shiga littafi sam, alhali kuwa ana karɓar kuɗinta kowace shekara. Ga kuma gādo da saye da jingina da aro, waɗanda ke sauya masu gonaki kullum, littafi kuwa ba ya sauyawa sai an sake awo. Steven Pierce, wanda ya yi nazarin Ungogo cikin littafinsa na 2005, ya nuna yadda rajistar gonaki ta riƙa rabuwa da gaskiyar abin da ke ƙasa. Daga baya aka kawo awo da sarƙa da zanen taswira a kewayen birni don a rage wannan, a wurare masu nisa kuwa aka dogara ga yanka wa ƙauye jimla, dagaci da dattawa su rarraba.

Darasin da ke nan ya wuce zancen gona. Duk sa'ad da aka toshe wata kafa ta hanyar ɗora amana a kan sabon ma'aikaci, to, an buɗe sabuwar kafa ke nan, sai fa in an tanadi wanda zai bi sawunsa.

6. Shingayen rigakafi da dabarun tono

Sa'ad da tsarin ya kankama, kuɗin manomin Gezawa ya kan bi ta hannuwa huɗu ko biyar kafin ya kwanta: mai unguwa, dagaci, hakimi da malamin harajinsa, sa'an nan Ma'aji a birni. A kowace gaɓa an gitta wani shinge.

Na farko, ƙidaya. Kafin a yanka, a kan rubuta sunayen masu biya unguwa unguwa. Na biyu, shela. A kan faɗi jimlar da aka yanka wa gari a bainar jama'a, a ba dagaci takardarta, don kada ya ƙara. Na uku, rasit mai lamba, wanda a ke yage rabi a ba mai biya, gindinsa ya zauna a littafi. Littattafan rasit kansu abin ƙirgawa ne, a kan rubuta lambobin da aka ba kowane malami, ya kuma komo da gindin da ragowar. Na huɗu, rarraba aiki: mai karɓa dabam, mai rubutawa dabam, mai ajiya dabam. Na biyar, ɗakin ajiya mai kuba biyu a hannu biyu. Na shida, ba a fid da ko kwabo sai da boca mai sa hannun wanda ke da izini, bisa kan da aka tanada cikin kiyasi. An tattara waɗannan ka'idodi cikin littafin dokokin kuɗi na baitulmalin En'e, wanda kowane Ma'aji ke aiki da shi.

Dabarar rasit mai rabi biyu tsohuwa ce a duniya. Baitulmalin Ingila ya yi ɗaruruwan shekaru yana tsaga itace mai tsage-tsage gida biyu, mai biya ya riƙe ɓari, hukuma ta riƙe ɓari, ranar hisabi a haɗa. Ba a bar wannan ba sai 1826, kuma ƙona tarin itatuwan ne ya jawo gobarar da ta cinye majalisarsu cikin 1834. Asalin hikimar ɗaya ne: shaida ta kasance a hannun mutum biyu waɗanda bukatarsu ta saɓa.

Dabarun tono kuwa su ne rangadi da ƙirgar ba-zata da gwama lissafi. Di'o ya kan sauka gari ya tara magidanta, ya karɓi rasit ɗin wasu ya gwada da gindin littafi, ya ƙirga gidajen wata unguwa ya gwada da rajista. A kan buɗe akwatin hakimi ko ɗakin Ma'aji ba da sanarwa ba, a ƙirga abin da ke ciki. A kan kuma jera harajin bana da na bara da na bara waccan. A ƙaddara unguwa mai masu biya 300 ta wayi gari da 260, ba yunwa, ba annoba, maƙwabtanta kuwa suna ƙaruwa; wannan kaɗai ya isa a aika a duba. Da farko ma'aikatan mulki ne ke wannan duba, daga baya ma'aikatar odita ta ɗauki nauyin binciken littattafan baitulmali. Cikin 1954 aka mai da makarantar horon akawuna ta Zariya ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, inda ma'aikatan baitulmali da yawa suka sami horo.

7. Inda bango ya tsage

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar wannan bango uku ce.

Ta farko, mai biya ba ya iya karanta shaidarsa. Rasit da boko a ke rubuta shi, manomi kuwa in ya yi karatu na allo ne da ajami. Ana iya karɓar sule goma a rubuta takwas, ana iya ba shi rasit ɗin bara, ana iya cewa littafi ya ƙare ya dawo gobe. Shingen da aka gina don mutum biyu su tsare juna ya zama mutum ɗaya ne ke riƙe da ɓari biyun.

Ta biyu, haɗin baki. Rarraba aiki na da amfani ne muddin masu aikin ba su jitu ba. Amma malamin haraji yaron hakimi ne, dagaci da yardar hakimi ya hau, kuma kowannensu na da gaisuwar da zai kai sama, ga baƙi, ga dogarai, ga hidimar sarauta wadda albashi bai ɗauke ta ba. Daga nan ne a ke samun ɓoye masu biya, da rubuta rayayye cikin matattu ko waɗanda suka yi ƙaura, da cike ramin bara da kuɗin bana. Wannan na ƙarshe ya kan daɗe bai tonu ba, sai ranar da aka tsige mai riƙon ko ya rasu. An tuɓe dagatai da hakimai da dama a ƙasar Kano kan kuɗin haraji, amma tuɓe mutum bai kau da matsin da ya sa shi ba. Cressey, masanin Amurka, ya nuna cikin 1953 cewa cin amana na bukatar abu uku: matsi, da dama, da hujjar da mutum zai lallashi zuciyarsa da ita. Tsarin En'e ya yi ƙoƙari wajen rage dama, ya bar sauran biyun yadda su ke, kalmar gaisuwa kuwa ta ba da hujja a shirye.

Ta uku ita ce mafi girma: shingayen duka ƙasa su ke kallo. An shirya su don na sama ya kama na ƙasa, ba a shirya wanda zai tsai da na sama ba. Wannan na cikin abin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tayar a Majalisar Wakilai ta Kaduna cikin Agusta 1950, sa'ad da ya nemi a gyara mulkin En'e, a watan da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda zaluncin haraji ke cikin manyan koke-kokenta. Dokar En'e ta 1954 ta ƙarfafa matsayin majalisa da kwamitoci. Duk da haka cikin 1962 baitulmalin Kano, wanda ya fi na kowace En'e a Arewa ƙarfi, ya shiga ƙunci, Gwamnatin Jihar Arewa ta naɗa D. J. M. Muffett ya bincika, kuma bayan binciken ne Sarki Muhammadu Sanusi ya yi murabus cikin 1963 ya koma Azare. Masana tarihi sun yi saɓani kan gwargwadon hannun siyasa cikin al'amarin, musamman tsamin da ke tsakanin Sarki da Sardauna. Ko wane ra'ayi mutum ya ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: babu wata dabara ta cikin gida da ta tsai da abin tun yana ƙarami, sai da aka kawo mai bincike daga waje, a lokacin da Gwamnati ta ga dama.

Bayan kafa Jihar Kano cikin 1967 da gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ikon baitulmali ya bar hannun sarauta. Cikin 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Murnar da talakawa suka yi shaida ce kan yadda suka ɗauki tsarin. Amma da rasit ɗin haraji ya tafi, wata igiya ta tsinke, domin mai biya da hannunsa ya fi jin yana da bakin tambaya. Ƙaramar hukumar Gezawa, kamar sauran, yawancin kuɗinta daga rabon tarayya ya ke zuwa.

8. Kammalawa

Abin da tarihin nan ke koya wa mai kamfani, da ma'ajin ƙungiyar manoma, da shugaban makaranta mai karɓar kuɗin ɗalibai, ana iya taƙaita shi cikin ka'idodi huɗu. A yanke wa ma'aikaci haƙƙinsa a fili, kuma ya ishe shi, don a san iyakar nasa. Kada a haɗa wa mutum ɗaya karɓa da rubutawa da ajiya, kuma kada mai duba ya zama mai cin abinci a hannun wanda ya ke dubawa. A ba mai biya shaidar da zai iya karantawa da harshensa da rubutun da ya sani, domin shi ne mai binciken da ba a biya, kuma ba ya gajiya. A ƙarshe, shinge ya hau kan shugaba kamar yadda ya hau kan akawu.

Kwamfuta da asusun bai-ɗaya, wanda Gwamnatin Tarayya ta tilasta aiki da shi cikin 2015, sun sauya kayan aiki, kamar yadda sarƙar awo ta maye gurbin ƙafar malamin taki. Tambayar da ya kamata malami ya koya wa ɗalibansa su riƙa yi ita ce wadda aka kasa amsawa a Gezawa da sauran gundumomi tun 1909: wa ke riƙe da ɗaya ɓarin shaidar, kuma in ya ga ba daidai ba, gaban wa zai kai kuka?